Baba Kafinta Da Bidiyon Sakan Arba'in

Akwai wani mai aski da duk unguwa ke kira Ina-Hujja. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Ko cewa ka yi yau ana zafi, sai ya ɗago kai ya ce, "Ina hujja?"

Shagonsa ƙarami ne. Kujera ɗaya mai juyawa, bencin mutum uku, da madubi mai tsaga a kusurwa. A gaban madubin kullum wayarsa na jingine da kwalbar man gashi, wani malami na amsa tambayoyi a ciki. Wannan ya gama, wani ya ɗauka, daga buɗe shago har rufewa.

Abin da ya ji da safe, shi zai juye wa wanda ya zo aski da rana. Kuma kun san mutum, in reza na kan maƙogwaronsa, ko me aka faɗa "haka ne" zai ce. Da haka Ina-Hujja ya ɗauka babu wanda ya taɓa kayar da shi a magana.

In faɗa muku gaskiya, ba mugu ba ne. Ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da sallah, ba ya cin amanar kowa. Karatu ne bai samu ya yi nisa ba, kuma abin na cin sa a rai tun yana saurayi. Da waya ta zo, sai ya ga kamar an buɗe masa ƙofar da aka daɗe da rufe masa. Ya faɗa da gudu, ko takalmi bai tsaya cirewa ba.

Limamin masallacin unguwar dattijo ne mai magana a hankali. In ka kai masa tambaya ɗaya, sai ya yi maka biyar kafin ya ba ka amsa. Wani lokaci ma ya ce, "Bari in duba, ka dawo gobe." Wannan kalma ta "gobe" ita ke ƙona wa Ina-Hujja rai.

"Gobe kuma?" in ji shi, yana kaɗa almakashi. "Ni a wayata kafin ka ƙifta ido an ba ka amsa. Zamanin bari-in-duba ya wuce, jama'a."

Ya taɓa tare Liman a ƙofar masallaci a gaban mutane, ya ɗaga waya sama, ya ce malam wane ya ce abin da ake yi a nan kuskure ne. Liman ya saurara har ya gama, ya ce, "To madalla. Ka zo gida mu zauna mu duba tare." Bai je ba. Washegari a shago ya ce tsoho ya kasa ba shi amsa.

To, mahaifin Ina-Hujja shi ake kira Baba Kafinta. A gidan ɗan nasa yake zaune tun rasuwar matarsa. Shekara talatin da ɗoriya yana tsayawa a bayan Liman, ɗan dama kaɗan, har mutane sun saba bar masa wurin. Shi ya ƙera katakon ajiye takalma na masallacin, shi ya yi tagogin. Ido ya yi rauni ya bar aiki, amma akwatin kayan aikinsa na nan ƙarƙashin gado, ba ya barin kowa ya taɓa.

Wata safiya fitsari ya ƙi fita wa Baba. Ya daure har rana ta take, sannan surukarsa ta ji nishinsa daga ɗaki. Ita ce matar Ina-Hujja. Shekara goma sha ɗaya da aure da yara uku, amma Baba bai daina ce mata Amarya ba.

Aka kai shi asibiti. Likita ta sa masa roba, aka ɗaura masa wata jaka a cinya inda fitsarin zai riƙa taruwa da kansa. Ta ce sai bayan mako shida za a yi masa aiki. Ta ja kunnensu a kan abu biyu.

"Ya riƙa shan ruwa da yawa. Kuma robar nan kada a toshe ta, kada a naɗe ta, ko na minene. Kun ji ko?"

Suka ce sun ji.

Da suka dawo gida, Baba ya zauna bakin gado. Can ya kira ɗansa, ya ce ya rufo ƙofa.

"Kai, wannan abin da suka rataya mini," ya ce, bai kalle shi ba. "Yaya sallata?"

"Ka tambayi Liman mana, Baba, ai abokinka ne," Amarya ta faɗa daga bayan ƙofa, don ita kunnenta ba ya hutu.

Baba ya girgiza kai. "Shekara arba'in muna tare da mutumin nan. Tare muka yi samartaka. Yanzu in je gabansa da furfurata in ce masa ina yawo da fitsari a wando? A'a. Kai da kake ji a waya, duba mini. Ita waya ba ta ganin fuskar mutum."

Ku lura da kyau, ba raina Liman Baba ya yi ba. Kunya ce kawai. Mutane da yawa da kuke gani suna tambayar waya, ba don sun fi yarda da ita ba ne, don ba ta san gidansu ba ne.

Ina-Hujja kuwa sai ya ji kansa ya ƙara girma. Yau mahaifinsa da kansa ke neman fatawa a wurinsa. Ya zauna ya yi ta lalube, har ya faɗa kan wani guntun bidiyo na sakan arba'in.

A cikin bidiyon, an tambayi wani malami game da mutumin da asibiti ta ba shi 'yar kwalba ya kawo fitsarinsa don gwaji. Ya sa kwalbar a aljihu, lokaci ya yi, ya shiga masallaci ya yi sallah da ita yana sane. Malamin ya ce sallarsa ba ta yi ba, don ya yi ta ɗauke da najasa, sai ya sake.

Shi ke nan. Ina-Hujja ya ce an zo wurin. Kwalba da jaka ai duk ɗaya ne.

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Mutumin da ba zai yarda ya aske kan jariri da rezar da yake aske gemu ba, don ya san fata ba ɗaya ba ce, shi ne ya ɗauko amsar wani ƙato lafiyayye ya ɗora wa tsoho marar lafiya.

Ya kunna wa Baba. Baba ya ce a sake. Aka sake.

"To ni yanzu yaya zan yi?"

"Baba, ni dai abin da malam ya faɗa ke nan. Ka ji da kunnenka. Addini ba a yi masa kwana."

"Masallacin fa?"

"Ai ba a shiga da najasa. Ka haƙura tukuna."

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "To."

Kwana biyu Liman bai ga Kafinta a bayansa ba, sai ga shi ya yi sallama. Baba na jin muryarsa ya jawo bargo ya rufe ƙafafunsa, ga shi ana zafin da ko fanka ta gaji.

"Kafinta, an ce an kai ka asibiti. Me suka ce ke damunka?"

"Tsufa ne, Malam. Kai ma yana nan tafe."

"Ai ni ya riga ya iso, har ya ajiye kaya." Suka yi dariya. Liman ya dubi bargon, ya dubi fuskar abokinsa. Da zai tafi ya ce, "Wurinka na nan, na hana kowa tsayawa."

Bayan kwana uku ya sake dawowa. Ina-Hujja ya tare shi a ƙofar gida ya ce Baba na barci. Tsoronsa kada tsoho ya shiga ya sassauta abin da bidiyo ya tsananta.

Shi kuwa Baba, mutum ne da duk rayuwarsa in abu ya lalace gyara shi yake yi da hannunsa. Ya yi tunani irin na kafinta. Matsalar jaka ce, ko? To a cire jakar. In an cire, robar za ta zuba. To a yi mata matoshi.

Ya jawo akwatinsa. Ya sami wani guntun katako mai tauri, ya fiƙe shi siriri kamar ƙaramin yatsa, ya goge shi sumul har yana sheƙi. Amarya ta ji ƙarar sassaƙa daga ɗaki, har daɗi ta ji.

"Baba an koma aiki ke nan? Me ake ƙera mana?"

"Ɗan abin wasa ne, Amarya. Hannu ne ya gaji da zama."

Da farko in lokacin sallah ya yi, sai ya cire jakar, ya toshe robar da katakon, ya wanke jikinsa, ya yi alwala, ya yi sallah, ya mayar. Amma ido ba ya gani sosai, hannu na rawa. Wurin cirewa da mayarwa sai ya ɗiga a zane, ya sake wanki, ya sake sauya wando. Sau biyar a rana. Ya ƙi kiran kowa.

Sai ya sake shawara. In ya toshe kafin azahar, ba zai buɗe ba sai ya idar da isha'i. Don kuma mararsa ta iya ɗauka, sai ya daina shan ruwa da rana. Har sallolin kwanakin farko da ya yi da jakar, duk ya bi ya rama su ɗaya bayan ɗaya.

Amarya ta lura butar ruwan da take ajiye masa da safe tana nan a cike har yamma.

"Baba, likita fa ta ce ka sha ruwa."

"Na sha."

"Yaushe? Ko aljanu ne ke sake cika butar?"

"Ke dai kin cika bincike. Je ki, girkinki zai ƙone."

Ta gaya wa mijinta. Ya ce tsofaffi haka suke, zai yi masa magana. Waya ta yi ƙara, maganar ta bi iska.

Rana ta tara, bayan la'asar, Amarya ta shiga kai masa shayi. Ta tarar da shi a kan sallaya, kwance ta gefe, jikinsa na karkarwa, haƙoransa na haɗuwa. Ta taɓa goshinsa ta janye hannu. Tana kiransa yana amsawa da sunan matarsa da ta rasu.

Da ta juya za ta fita neman taimako, sai idonta ya faɗa bayan ƙofa. Ga jakar nan a wanke tas, an rataye ta a ƙusa tana bushewa.

Da labari ya kai shago, Ina-Hujja ya bar mutum da rabin aski a kan kujera ya rugo gida.

A asibiti aka shige da Baba ciki. Bayan kamar awa ɗaya likitar ta fito da ɗan faranti a hannu. A kansa ga ɗan katakon nan.

"Wa ya sa masa wannan?"

Likitar ta ɗaga farantin.

"Na ce wa ya sa? Shekarata goma sha biyar ina aikin nan, ban taɓa ganin an toshe mutum da katako kamar tulu ba. Fitsari ya koma sama, ƙwayar cuta ta kai ƙoda, ta fara shiga jini. Ga jikinsa a bushe ƙamas. Me na gaya muku ranar da kuka zo?"

Ina-Hujja ya kalli katakon. Ya san aikin hannun babansa ko a cikin duhu.

"Zai tashi, likita?"

"Kwana biyun nan za su nuna. Ku yi addu'a."

Tana juya baya Amarya ta fuskanci mijinta. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba. Ranar ta ɗaga.

"Baban yara, ka ga aikinka? Ni na ji abin da ka kunna masa, ina bayan ƙofa. Tsoho ya tambaye ka don ya yarda da kai, ka miƙa masa waya ka tafi shago. Yanzu kira malamin cikin wayar ya zo ya zauna jinya. Kira shi mana! Ko ba ka da lambarsa?"

Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa, ranar ko tari bai yi ba. Ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa.

A nan Liman ya same shi. Wanda aka bari da rabin aski ne ya kai labari masallaci, da hula a kansa don rufe ɓarna.

Liman ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasan tare da shi, da ƙyar, gwiwa na ƙara. Sai da suka ɗan jima sannan ya ce, "Gaya mini."

Ina-Hujja ya faɗa masa duka, bai rage ba. Har ƙaryar barcin da ya yi masa a ƙofar gida.

"Kunna mini in ji."

Ya kunna. Liman ya kara kunne, ya ce a sake. Aka sake.

"Malamin nan gaskiya ya faɗa," in ji Liman. "Da ni aka yi wa tambayar, amsar da zan bayar ke nan."

Ina-Hujja ya ɗago kai, ya rasa ko daɗi zai ji ko me.

"Amma bari in tambaye ka. Shi mai kwalbar nan, zai iya ciro ta ya ajiye a kan taga, ya yi sallarsa, ya dawo ya ɗauka?"

"Zai iya."

"In ya ajiye, wani abu zai same shi?"

"Babu."

"Babanka fa?"

Ina-Hujja ya sunkuyar da kai.

"Ka ga bambancin? Wancan ganganci ya yi. Babanka lalura ce ta same shi. Mai lalura hukuncinsa daban ne, kuma ba yau aka fara sanin haka ba. Tun kafin a haifi kakanninmu malamai suka yi bayanin wanda fitsari ke zubo masa ba ya iya riƙewa. In lokaci ya shiga ya zubar da abin da ya taru, ya tsabtace abin da zai iya, ya yi alwala, ya yi sallarsa da jakarsa a jikinsa. Abin da ya fito bayan nan an yafe masa. In jakar a rufe take ba ta ɗiga, ya zo masallaci ya tsaya a sahu kamar kowa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Allah gafarta Malam, kana nufin da a ce tun ranar…"

"Da ko malamin cikin wayar ka samu ido da ido, ka ce masa tsoho ne, roba ce likita ta sa, abin da zai gaya maka ke nan. Zai fara da tambayarka: wa ke da jakar, wa ya sa ta, za a iya cirewa? Amma bidiyo ba ya tambaya. Ni da kake jin haushin yawan tambayata, ba don ban san amsa ba ne kullum. Ina son in san wa nake ba wa."

Ina-Hujja ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka, irin kukan babban mutum da ba ya fita da daɗi.

"Na kashe babana, Malam."

"Kai, rufe bakinka, babanka na numfashi. Kuma ba kai kaɗai ke da laifi ba. Ni na shiga ɗakinsa na ga bargo a ƙafarsa ana wannan zafi. Na gane akwai abin da yake ɓoyewa. Ya ji kunyata, ni ma na ji kunyarsa, na tashi na tafi. Shekara nawa ina karantarwa a masallacin nan, ban taɓa zama na yi wa dattawa bayanin wannan ba, wai don kada su ji nauyi. Ka ga inda nauyin ya kai mu. Tashi ka wanke fuskarka, matarka na kallonka."

Ni fa wannan shi nake kira malami. Yana da damar da zai tsaya a kan yaron nan ya rama duk rashin kunyar da ya yi masa a ƙofar masallaci. Bai rama ba. Ya ɗauki rabin kayan ya ɗora wa kansa.

Kwana biyu Baba bai san wanda ke kansa ba. Ana ta ƙarin ruwa da allurai. Ina-Hujja bai buɗe shago ba. Ya roƙi wata nas ta koya masa yadda ake zubar da jakar da yadda ake goge wurin, ya karɓi aikin daga hannun kowa. Liman kuwa kullum bayan azahar sai ya zo ya zauna a kujerar gefen gado.

Rana ta uku zazzaɓin ya sauka. Likita ta ce ya tsallake, amma ƙoda ɗaya ta ji jiki, kuma aikin da za a yi masa sai an ɗaga shi zuwa wata uku. Wato jakar da ya so ya rabu da ita ta ƙara samun wurin zama.

Wajen la'asar Baba ya buɗe ido sosai. Ɗakin maza ne mai gado shida. Ya dubi silin, ya dubi ɗansa, ya laluba cinyarsa. Sai ya hango Liman, ya yi sauri zai jawo zanen gado.

"Bar shi, Kafinta," in ji Liman. "Na gani. Likita ma ta nuna mini ƙirar da ka yi. Wallahi aiki ya yi kyau, ko tagogin masallaci ba ka goge su haka ba."

Baba ya rufe ido don kunya, amma gefen bakinsa ya motsa.

"Lokaci ya shiga?" ya tambaya a hankali.

"Ya shiga."

"To ni yaya zan yi, Malam? Ga abin nan a jikina."

Ina-Hujja ya durƙusa a gefen gadon. "Baba, ni na ɓatar da kai. Amsar wani na ɗauko na ba ka. Ka yafe mini."

"Ni na ce ka duba."

"Ka ce in duba, ba ka ce in yanke ba."

Liman ya maimaita wa Baba bayanin, sannu a hankali, yadda ya yi wa ɗansa. Baba ya saurara, ya ce, "Har masallaci?"

"Har bayana, ɗan dama kaɗan. Wurin ya yi ƙura."

"Sallolin da na yi da ita a farko fa? Na rama su."

"Ba ka da ramuwa tun farko. Ka dai yi wa kanka ƙari."

Hawaye ya bi ta gefen idon Baba ya shiga kunne. Can ya ce, "Amarya, ba ni ruwa." Ta miƙo kofi, ya shanye, ya ce a ƙaro.

Sai aka ji murya daga gadon da ke kusa. Wani direban babbar mota ne da ya karye a ƙugu, shi ma da tasa jakar a rataye a ƙarfen gado.

"Allah gafarta Malam, wannan bayanin har da ni?"

"Har da kai."

"Kwanana goma sha biyu ban yi sallah ba. Ƙanina ya turo mini wani abu a waya, na ɗauka sai an cire."

Na gadon ƙarshe ya ɗaga hannu shi ma.

Liman ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga.

"Kai mai aski, nemo ruwa da kwano. Fara da babanka, sannan ka bi sauran. Wanda ba zai iya taɓa ruwa ba ka gaya mini."

Ina-Hujja ya zubar da jakar babansa, ya wanke hannu, ya riƙe masa kwanon yana alwala. Da aka zo ƙafa, Baba ya kasa sunkuyawa, ɗan ya durƙusa ya wanke masa. Ya wuce wurin direba, ya wuce gadon ƙarshe.

Liman ya tambayi nas ina gabas, ta nuna masa wajen taga. Ya tsaya a ɗan filin da ke tsakanin gadaje. Aka tayar da kan gadon Baba ya zauna. Direba na kwance, na ƙarshe na kwance, kowa da jakarsa a gefe. Ina-Hujja ya tsaya a baya ya tayar da iƙama.

Da Liman ya yi kabbara, muryar da ta fi ta kowa fitowa a ɗakin ta Baba Kafinta ce.

Darasi: Fatawa kamar magani take, ana bayar da ita ne ga mutum bayan an san halinsa. Malamin cikin waya na iya faɗin gaskiya tsantsa, amma bai ga babanka ba, bai san ciwonsa ba, kuma ba zai iya tsayar da kai ya tambaye ka ba. Ka saurari karatu a waya, babu laifi, ni ma ina saurara. Amma in magana ta shafi lafiyar mutum, ko aurensa, ko sallarsa, ka taka da ƙafarka zuwa wurin malamin da zai kalle ka ya yi maka tambaya, kuma kada kunya ta hana ka faɗa masa komai. Ku kuma malamanmu na unguwa, ku riƙa faɗin abin da mutane ke jin nauyin tambaya, don in kun yi shiru waya ba za ta yi ba. Ku tura wannan ga duk mai jinyar tsoho ko marar lafiya a gida. Wataƙila yanzu haka akwai wanda ya daina shan ruwa, ko ya daina sallah, saboda guntun bidiyon da ba da shi ake magana ba.